NAZARI: Yaushe Ya Halatta Ɗan Sanda Ya Saita Bindiga Kan Ƙaramar Hatsaniya?

A watan Nuwamba na 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya bayar da umarnin a janye 'yan sandan da ke gadin manyan mutane, a mayar da su aikin kare jama'a, sannan duk mai buƙatar dogari ya nema daga jami'an Sibil Difens. Tun daga lokacin muhawara ta karkata kan wane babban mutum zai rasa dogari, da wanda zai san yadda ya yi ya riƙe nasa. An bar wata tambaya a baya, wadda ta fi shafar mai tafiya a ƙasa. Jami'in da aka mayar bakin titi zai koma ne da bindigarsa a kafaɗa, kuma yawancin abin da zai tarar a wuni ba fashi da makami ba ne. Zai tarar da cacar baki a shingen bincike, da rigimar direba da fasinja a tashar Nyanya, da turereniya a layin mai, da 'yan acaɓa da suka yi cincirindo saboda an kama babur ɗin ɗan uwansu, da ma'aikatan da suka tare ƙofar ma'aikata suna neman haƙƙinsu.

A irin waɗannan wurare ne ake yawan jin ƙarar ɗana bindiga. Mutane sun saba da ita har sun daina ɗaukar ta a matsayin abin da doka ta yi wa iyaka. Amma doka ta yi mata iyaka, kuma iyakar ta fi yadda jami'ai da dama ke zato ƙunci. Bindiga kayan kare rai ce, saboda haka abin da ke halatta ɗaga ta shi ne barazana ga rai da ke gab da aukuwa. Zagi, gardama, ƙin bin umarni, ko gudu daga ƙaramin laifi, duk ba su kai wannan matsayi ba, komai zafin da suka yi wa jami'i.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane mutum haƙƙin rayuwa. Ƙaramin sashe na 2 ya kawo togiya guda uku inda ba za a ce an tauye wannan haƙƙi ba idan mutum ya mutu sakamakon amfani da ƙarfi: wajen kare wani daga farmaki ko kare dukiya, wajen kama mutum bisa doka ko hana wanda ke tsare tserewa, da kuma wajen murƙushe tarzoma, tawaye ko bore. Masu kare jami'in da ya yi harbi sukan tsaya a nan. Sai dai sashen ya gindaya sharaɗi kafin ya lissafa togiyar: ƙarfin da aka yi amfani da shi dole ya zama wanda doka ta yarda da shi, kuma gwargwadon abin da hankali zai ce larura ta buƙata. Wannan sharaɗi shi ne kotu ke aunawa, kuma a kansa ne shari'o'i da dama suka juya wa jami'ai baya.

Dokokin hukunta laifuka ma ba su bar jami'i sakaka ba. Dokar Kiriminal Kod da ake aiki da ita a jihohin Kudu ta ce duk wanda doka ta ba izinin amfani da ƙarfi, shi ke da alhakin duk abin da ya wuce kima. Dokar Final Kod, wadda ita ce ta Babban Birnin Tarayya da jihohin Arewa, tana ɗaukar nuni ko shirin da zai sa mutum ya ji ana gab da afka masa a matsayin laifi, ko da ba a taɓa jikinsa ba. Kaki bai cire mai shi daga wannan hukunci ba, matuƙar ba shi da hujjar doka. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ma hana a sa wa wanda ake zargi ankwa sai idan akwai fargabar zai yi faɗa ko ya tsere, ko don kare lafiyarsa, ko kuma da umarnin kotu. Idan ankwa tana buƙatar dalili irin wannan, to bakin bindiga ya fi ta buƙata. Ita wannan doka, tare da Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sun haramta kama mutum kan rigimar bashi ko saɓa yarjejeniya, waɗanda su ne tushen hatsaniya da yawa da ake gayyato 'yan sanda cikinsu.

Umarni mai lamba 237

Takardar da ta fi tasiri kan abin da ɗan sanda ke yi da yatsansa a kan kunama ita ce umarnin cikin gida na runduna mai lamba 237. Tsohon umarnin ya daɗe yana shan suka. Ya ba jami'i damar harbin wanda ya tsere daga tsaro ko ya guje wa kamu, matuƙar laifin da ake zarginsa na iya jawo hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 7 zuwa sama, kuma babu wata hanyar kama shi. Da yake tserewa daga tsaro ita kanta laifi ce mai ɗaurin shekara 7 a Kiriminal Kod, ƙofar ta kasance a buɗe ga harbin kusan duk wanda ya ruga. A kan tarzoma kuwa, tsohon umarnin ya yi maganar mutum 12 zuwa sama da suka ƙi watsewa bayan an karanta masu sanarwa, ya ce a auna gwiwoyinsu, a kuma zaɓi jagororin da ke sahun gaba.

Philip Alston, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kisan gilla, ya ziyarci Najeriya a 2005, kuma rahotonsa ya nemi a gyara wannan umarni. Ƙungiyar Amnesty International ta maimaita kiran a rahoton da ta fitar a Disamban 2009 kan kashe-kashen 'yan sandan Najeriya. Gyaran bai zo ba sai a watan Oktoba na 2019, lokacin da Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ƙaddamar da sabon umarnin, wanda ya jingina amfani da ƙarfi kan larura da daidaito, ya kuma ɗaure amfani da bindiga da barazanar kisa ko mummunan rauni.

Sabon umarnin ya matso kusa da ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Habana na Kuba a 1990. Ƙa'ida ta 9 ta taƙaita amfani da bindiga ga kare kai ko kare wasu daga barazanar mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da faruwa, da hana babban laifi mai haɗari ga rai, da kama mai irin wannan haɗari idan ya yi turjiya ko hana shi tserewa, kuma duk wannan sai idan hanyoyi masu sauƙi sun gaza. Ƙa'ida ta 10 ta ce jami'i ya bayyana kansa, ya yi gargaɗi a fili, ya ba da lokacin da za a bi gargaɗin, sai fa idan yin hakan zai jefa rai cikin haɗari. Ƙa'idoji na 13 da 14 sun raba taro gida biyu: wanda ya saɓa doka amma babu tashin hankali a cikinsa, a guji amfani da ƙarfi wajen watsa shi, wanda ya rikiɗe zuwa tashin hankali, bindiga ba ta shiga sai da sharuɗɗan ƙa'ida ta 9. A wannan ma'auni, taron da bai sami izini ba, ko ya tare hanya, ko ya cika da ihu, bai zama hujjar bindiga ba.

Saitawa ma amfani da ƙarfi ce

Akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida a tsakanin jami'ai da ma jama'a, cewa matuƙar ba a harba ba, babu abin da ya faru. Wannan fahimta ita ce tushen matsalar. Duk wanda ya koyi sarrafa bindiga an koya masa cewa ba a nuna bakinta ga abin da ba a shirya harbi ba, kuma ba a ɗora yatsa kan kunama sai an yanke shawarar harbi. Jami'in da ya ɗana bindiga a tsakiyar gardama ya riga ya taka mataki biyu daga cikin uku. Abin da ya rage tsakaninsa da gawa shi ne motsin yatsa, wanda tuntuɓe, turi daga baya, ko firgita kan iya jawowa. Daga nan ne ake samun abin da sanarwar hukuma kan kira suɓutar harsashi, alhali harsashi ba ya suɓucewa daga bindigar da ba a ɗana ba.

Ɗana bindiga kuma tana rufe wa jami'in sauran ƙofofi. Hannayensa biyu sun cika, ba zai iya riƙe mutum ko sa masa ankwa ba. Idan wanda aka yi wa barazanar bai tsorata ba, zaɓi biyu ne suka rage: ya sauke bindigar a gaban jama'a, abin da zai gani a matsayin zubar da girma, ko ya cika barazanar. Rayuka da dama sun salwanta a wannan tsaka mai wuya, inda abin da ake karewa girman kai ne.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan fahimta tsarin aiki. A birnin Shikago na Amurka, tun daga ƙarshen 2019, jami'in da ya nuna wa mutum bindiga domin tsayar da shi dole ya sanar da cibiyar sadarwa ta runduna, a rubuta, a kuma duba daga baya. A jihar Teksas, a watan Yunin 2015, an kira 'yan sanda kan hatsaniyar matasa a wani wurin ninƙaya a garin McKinney. Wani jami'i ya zare ƙaramar bindigarsa kan yaran da ba su ɗauke da makami. Bai harba ba, amma shugaban 'yan sandan garin ya ce abin da ya yi ba shi da abin karewa, kuma cikin kwanaki kaɗan jami'in ya ajiye aiki. Tun kafin wannan, a 1985, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Tennessee da Garner cewa ba a harbin wanda ke gudu sai idan akwai dalilin yarda cewa yana da haɗarin kisa ko mummunan rauni ga jami'i ko wasu. Shari'ar ta taso ne daga harbin wani yaro ɗan shekara 15 da ke ƙoƙarin tsallake shinge bayan an zarge shi da shiga gidan mutane. A Birtaniya kuwa, yawancin 'yan sandan Ingila, Wales da Sikotland ba sa ɗaukar bindiga sam. Alƙaluman da gwamnati ke fitarwa duk shekara kan Ingila da Wales na nuna cewa ana tura runduna ta musamman mai bindiga aiki sau dubbai, amma lokutan da aka yi harbi kan mutum ba sa kai ashirin.

Waɗannan ƙasashe suna da nasu tabon, musamman Amurka, inda kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙar fata ya haddasa zanga-zanga sau da dama. Darasin da za a ɗauka daga gare su ƙarami ne amma mai amfani: abin da ba a rubuta ba, ba a iya auna shi, kuma abin da ba a auna ba, ba a iya gyara shi.

Abin da kotunan Najeriya suka nuna

A ranar Kirsimetin 2022, wata lauya mai suna Bolanle Raheem, mai juna biyu, tana cikin mota tare da iyalinta a ƙarƙashin gadar Ajah da ke Legas, lokacin da wani jami'i mai muƙamin Mataimakin Sufuritanda, Drambi Vandi, ya harbi motar a wurin binciken ababen hawa. Babu makami a motar, babu wanda ya kai wa jami'an farmaki. A ranar 9 ga Oktoba, 2023, Mai Shari'a Ibironke Harrison ta Babbar Kotun Jihar Legas ta same shi da laifin kisan kai, ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya. Daga cikin shaidun da masu gabatar da ƙara suka kira har da abokan aikinsa, kuma lissafin harsasan da aka ba shi da waɗanda ya mayar ya shiga cikin hujjojin da aka gabatar.

A ranar 31 ga Maris, 2019, Kolade Johnson yana wurin kallon ƙwallon ƙafa a unguwar Mangoro a Legas, lokacin da jami'an sashen yaƙi da ƙungiyoyin asiri suka zo kama wani. Jama'a suka taru, aka yi harbi, harsashi ya same shi, ya mutu. An kori sufeton da ya yi harbin daga aiki, kuma a Disamban 2022 kotu ta yanke masa ɗaurin rai-da-rai. Wannan shari'a ta nuna haɗarin harbin da ake cewa na tarwatsa taro ne. Gidan harsashin AK-47 na ɗaukar harsashi 30, kowane ɗaya yana iya kisa daga nisan ɗaruruwan mitoci, yana kuma ratsa ƙofar mota. Wanda aka harba sama ma dole ya sauko a wani wuri.

Mazauna Abuja ba su manta da matasan nan shida 'yan kasuwar Apo ba, maza biyar da mace ɗaya, da aka kashe a daren 7 zuwa 8 ga Yunin 2005 bayan sun haɗu da 'yan sanda a titin Gimbiya da ke Area 11. Da farko an ce 'yan fashi ne. Kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck ya rushe wannan iƙirari. Sai a watan Maris na 2017 Mai Shari'a Ishaq Bello na Babbar Kotun Abuja ya yanke wa biyu daga cikin jami'an hukuncin kisa, ya sallami uku. Kusan shekara goma sha biyu ke nan tsakanin harbi da hukunci. Abin da wannan shari'a ta fito da shi shi ne yadda harbi ɗaya marar hujja ke haifar da ƙarya domin rufe shi, ita kuma ƙaryar takan ci wasu rayukan.

A shari'o'in Legas guda biyun nan babu inda ran jami'i ya kasance cikin haɗari. Dukansu sun faro ne daga aikin yau da kullum, kuma dukansu sun ƙare da gida biyu cikin makoki: gidan mamaci, da gidan jami'in da zai ƙare rayuwarsa a kurkuku.

Hujjar 'yan sanda

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, domin yana da nauyi. Ɗan sandan Najeriya yana aiki a ƙasar da makamai suka yi yawa a hannun ɓata-gari, kuma ana kai hari kan shingayen bincike da ofisoshi domin kwasar bindigogi. Bayan tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, Sufeto Janar Adamu ya ce an kashe jami'ai 22, an kuma lalata ofisoshi da gine-ginen runduna 205. A ranar 22 ga Yulin 2019, a kusa da Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, arangama tsakanin 'yan sanda da masu muzaharar Shi'a ta ci ran Mataimakin Kwamishinan 'Yan Sanda Usman Umar, da wani matashi mai hidimar ƙasa da ke aiki da gidan talabijin na Channels, da wasu daga cikin masu muzaharar, kuma kowane ɓangare ya ɗora wa ɗaya alhaki. Jami'in da ya ga irin wannan da idonsa ba zai ɗauki taron jama'a da wasa ba.

Gaskiya ne kuma cewa ƙaramar hatsaniya takan girma cikin mintuna. Ihun "ɓarawo" a kasuwa kan koma taya da fetur kafin a ankara. Kisan matafiya 16 'yan Arewa da gungun mutane suka yi a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025 ya nuna inda taro kan kai idan babu mai tsayar da shi. Jami'in da ya ɗaga bindiga domin ƙwato mutum daga hannun masu shirin ƙona shi yana kan ƙa'ida ta 9 daram, domin rai ne ke gab da salwanta. Haka wanda aka taso masa da adda ko wuƙa daga kusa, ko wanda ake kokawar ƙwace masa bindiga, ko wanda direba ya nufo shi da mota da gangan kuma babu inda zai kauce.

Waɗannan misalai suna tabbatar da ƙa'idar ne. A kowane ɗaya akwai abin da za a iya nunawa da yatsa: makami, wuta, ko mutumin da ake dukansa har ya faɗi. Ma'aunin shi ne abin da ke gaban jami'in a wannan lokaci, kamar yadda jami'i mai hankali da horo zai gan shi. Tsoron abin da ka iya faruwa yana halatta a nemi ƙarin jami'ai, a ja da baya, a nemi mafaka, a tsaya cikin shiri da bakin bindiga a ƙasa. Bai halatta a saita ta kan ƙirjin direban da ya ƙi buɗe bayan motarsa ba. Motar da ta wuce shinge ba ta tsaya ba tana da lamba, akwai kuma rediyo da shinge na gaba.

Tsani marar matakai

A takarda, amfani da ƙarfi tsani ne: bayyanar jami'i cikin kaki, magana da lallashi, umarni da gargaɗi, riƙo da hannu, ankwa, kulki da garkuwa, barkonon tsohuwa, sannan bindiga a can ƙoli. A bakin titin Najeriya matakan tsakiya sun karye. Jami'in da ke shinge yawanci ba shi da kulki, ba shi da abin feshin barkono, wani lokaci ko ankwa babu. Abin da ke gare shi bakinsa ne da bindigar yaƙi. A ƙasashen da ake rataya ƙaramar bindiga a ƙugu, zare ta shawara ce da ake gani da ido. A nan bindigar tana hannu tun safe, don haka tazarar da ke tsakanin riƙewa da saitawa ba ta wuce juyin wuyan hannu ba.

Ƙa'ida ta 2 ta yarjejeniyar Habana ta ɗora wa gwamnatoci alhakin samar da makamai marasa kisa da kayan kariya irin su garkuwa, hular kwano da rigar sulke, domin jami'in da ke jin jikinsa a tsare bai cika gaggawar kai hannu kan kunama ba. An kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da doka a 2019 domin horo da kayan aiki. A wannan shekarar Sufeto Janar Adamu ya umarci a koma aikin sa'a 8 maimakon 12, yana mai danganta yawan harbin ganganci da gajiya. Runduna mai jami'ai kusan dubu 370 da ke kula da mutane sama da miliyan 200 tana wahalar cika irin wannan umarni, musamman idan an karkatar da kaso mai yawa zuwa gadin gidaje da riƙe jakunkunan manya. Gajiya, ƙarancin atisayen harbi, matsin kai wa na sama kason abin da aka tara a shinge, da shan abin maye a bakin aiki, dukansu suna taruwa a kan yatsa guda.

Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ta nuna cewa gyaran takarda bai isa ba. Amnesty International ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohin Borno, Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa da Neja, rundunar 'yan sanda kuma ta musanta. Saɓanin nan zai yi sauƙin warwarewa da a ce kowace runduna tana fitar da lissafin harsasan da ta raba da waɗanda aka mayar, da sunan kwamandan da ya ba da umarni a kowane wuri.

Rabon hadimai da manyan ma'aikata

Wannan batu yana da fuska ta musamman ga masu aiki kusa da mulki. Kaso mai yawa na barazanar bindiga da ake gani a Abuja yana fitowa ne daga ayarin motocin manya: dogarin da ke leƙowa ta taga yana nuna wa direbobi bindiga a cunkoson hanyar filin jirgi ko ta Kubwa, ko wanda ya ɗana ta a ƙofar taro domin a buɗe wa maigida hanya. Sau da yawa ba maigidan ne ke ba da umarnin ba. Hadimin da ke kujerar gaba ne, wanda ke kallon agogo yana cewa a share hanya.

Jinkirin taro ba barazana ce ga rai ba. Ƙa'idoji na 24 zuwa 26 sun ce shugaban da ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa na ƙasa da shi suna amfani da ƙarfi ba bisa doka ba kuma bai hana ba, yana da alhaki. Jami'in da ya ƙi bin umarnin harbi na haram bai kamata a hukunta shi ba. Kuma cewa "umarni aka ba ni" ba kariya ba ce ga wanda ya san umarnin haramun ne. A dokar Najeriya ma, wanda ya zuga ko ya sa aka aikata laifi yana iya fuskantar tuhuma tare da mai aikatawa. Hadimi ba ya cikin jerin masu ba ɗan sanda umarni, kuma a zamanin da kowace waya ke ɗaukar bidiyo, minti ɗaya na barazana ya isa ya ɓata sunan ma'aikata da na mai riƙe da ita. Maye gurbin ɗan sanda da jami'in Sibil Difens bai sauya wannan lissafi ba, domin Sashe na 33 bai bambanta launin kaki ba.

Ga ma'aikacin da ya tsinci kansa a gaban bakin bindiga, bakin titi ba wurin cin nasarar gardama ba ne. Hannaye a bayyane, murya a ƙasa, a riƙe suna ko lambar jami'i, lambar mota, wuri da lokaci. Bayan an rabu lafiya akwai Sashen Karɓar Ƙorafi na runduna da aka kafa a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda da ke da ikon ladabtar da jami'ai, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai kuma babbar kotu ga mai neman a tabbatar masa da haƙƙinsa.

Abin da ya rage a yi

Doka ta riga ta faɗi nata. Abin da ya rage aikin gudanarwa ne, wanda yawancinsa ba ya buƙatar sabuwar doka daga Majalisa. Runduna za ta iya wajabta rubuta rahoto duk lokacin da jami'i ya ɗana bindiga ko ya saita ta kan mutum, ko da bai harba ba, kuma Baturen 'Yan Sanda ya sa hannu a kai. Za ta iya tsaurara lissafin harsashi a ma'ajiyar makamai kafin fita da bayan dawowa, tunda an ga amfaninsa a gaban kotu. Za ta iya tsara sintirin cikin gari yadda masu magana da jama'a za su riƙe kulki, ankwa da feshin barkono, mai doguwar bindiga kuma ya tsaya baya yana tsaronsu. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda za ta iya fitar da alƙaluman harbi da hukuncin da ya biyo baya duk shekara, jiha-jiha. Kwamitocin 'yan sanda na Majalisar Dattawa da ta Wakilai kuma suna da damar tambayar nawa aka kashe kan kayan da ba sa kisa duk lokacin da ake kare kasafin kuɗi.

Gwamnati ta amince da ɗaukar dubban sababbin jami'ai, kuma waɗanda aka janye daga gadin manya za su ƙara yawan bindigogin da ke kan titi. Kafin a raba masu makamai, kwalejojin horo na Ikeja, Kaduna, Maiduguri da Oji River suna da damar cusa masu tambayar da alƙali zai yi masu idan abin ya ɓaci: ran wa ke cikin haɗari a lokacin da aka ɗaga bindigar, kuma wace hanya aka gwada kafin a kai gare ta.